Kwat ɗin Baba a Ƙarƙashin Jan Tauraro

Mijin ƙanwata tela ne, shagonsa bango ɗaya da nawa, inda nake sayar da zare da maɓallai da allurai. A duk layin shagunan ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ai-Na-Sani muke ce masa, don ko ka ce masa kakarka ta haihu jiya, kafin ka rufe baki zai ce, "Ai na sani." Hannunsa na da kyau a ɗinki, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Bakin ne dai Allah ya jarrabe mu da shi.

Bakin nan ne ya raba shi da Babanmu. Baba direban jirgin ƙasa ne, a kan aikin ya yi furfura. Ranar da Ai-Na-Sani ya fara zuwa gaishe shi, maimakon ya zauna ya kama bakinsa, sai ya shiga koya wa Baba yadda ake kama birkin jirgi. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya ce madalla. An yi auren tunda ƙanwar tawa Auta ta ce shi take so, amma Baba bai taɓa taka gidansu ba, ko ruwa bai taɓa sha a can ba. In zai ambace shi sai ya ce mata, "mutumin nan naki." Abin yana cin Auta a rai ƙwarai, ni ma yana damuna, don na sha ganinta tana share hawaye a bayan kantana.

Da lokacin ajiye aikin Baba ya zo, abokan aikinsa suka shirya masa taron bankwana a tasha, da jawabi da ɗaukar hoto. Baba ya fito da wani farin yadi da ya daɗe yana ɓoyo a ƙasan akwati, ya ce kwat da wando yake so. Auta ta durƙusa ta yi ta roƙo a ba mijinta ɗinkin. Har mun fid da rai, sai Baba ya ce, "To. In ya ɗinka ta fita, kuma a kan lokaci, daga tasha gidanki zan wuce in sha ruwa. In ya ɓata, kada ki ƙara yi min zancen."

Rashin sa'ar Auta, a makon ne Ai-Na-Sani ya ji wani shiri a rediyo.

Da safe ya leƙo shagona, Mai Aski na zaune a bencina yana jiran a kawo wuta.

"Yaya, kin san an gano wata duniya?"

Na ce, "Wannan da muke ciki ka gama da ita ke nan?"

"Ki saurara ki ƙaru. Ta dutse ce kamar tamu, amma ranarta ba irin tamu ba ce. Wani ɗan ƙaramin tauraro ne ja, bai kai ranarmu girma ko zafi ba, shi ya sa ta matso kusa da shi kamar mai jin ɗumi a bakin murhu. Masana suna zaton fuska ɗaya kawai take nuna masa. Gefe guda rana ba ta faɗuwa, gefe guda gari ba ya wayewa, a tsakiya kuwa kullum yamma ce."

Mai Aski ya ce, "To a gefen da gari ba ya wayewa, zakara aikin me yake yi?"

"Babu zakara."

"Ka je ne?"

"Ai na sani."

Da a nan ya tsaya da mun sha dariya mun watse. Amma akwai wani sabon shagon ɗinki da aka buɗe a tsallaken titi, mai ƙofar gilashi, wanda ya hana shi barci. Ya ce zai yi abin da wani tela bai taɓa yi ba, zai mai da shagonsa irin waccan duniyar sak. "Me ke hana tela cika alkawari, Yaya? Faɗuwar rana. To a shagona rana ta daina faɗuwa."

Na ce, "Ni na ɗauka surutu ne ke hana shi."

Kafin azahar ya toshe tagarsa da jar leda, ya rataya jan labule mai kauri a ƙofa. Ya samo wata ƙatuwar jar fitila irin wadda ake ɗumama 'yan tsaki da ita, ya kafa a bangon dama, ya ce ita ce tauraron, ya ƙara mata ƙananan jajayen ƙwayayen lantarki a kewaye. Lungun da ake gwada kaya ya zagaye shi da baƙin zane, ya kunna fanka a ciki, nan ne gefen dare. Keken ɗinkinsa kuwa ya jawo shi tsakiyar ɗaki, inda ya ce a nan ne kaɗai rai zai iya zama. Duk wanda ya shiga sai ya ga hannunsa ja, haƙoran tela ja, har kyanwar shagon ta koma ja.

Matar mai gidan burodi ce ta fara faɗawa ciki. Rigarta ruwan hoda ta daɗe a hannunsa, ta zo da niyyar yin ta ta ƙare.

Ya tare ta da fara'a. "Ki kwantar da hankalinki, yanzu lissafin can muke bi. Duniyar nan tana kusa da tauraronta sosai, a 'yan kwanaki take gama zagaya shi. Shekara guda a can ba ta kai ko wata ɗaya na nan ba."

Ta ajiye jakarta a kan teburin yanka. "Au, haka ne? To ashe rigata ta shekara da shekaru a hannunka. Da na ɗauka watanni ne. Yau ba inda za ni sai da ita."

Ta zauna masa a ka har ya gama. Muna jiyo shi ta bango yana taka keke ba ko tari.

Sai wandon Mai Aski. Baƙin wando ne da ya yage a baya, ya kai a yi masa faci. Ya shiga gefen dare ya gwada, ya buge ƙafa da fanka, ya fito yana ɗingishi, ya duba a madubi ya ga faci ya zauna daram, baƙi a kan baƙi. Ya wuni yana aski yana juya wa jama'a baya, masu jiran layi suna ta ƙunshe dariya, sai can wani dattijo ya tausaya masa ya ce ganyen da ya maƙale masa a baya ya ƙi faɗuwa. Facin kore ne shar.

Mai Aski ya dawo yana huci. Ai-Na-Sani ya ja shi ciki, ya juya shi gaban madubi. "Duba da idonka. Baƙi ne ko ba baƙi ba?"

"A nan baƙi ne."

"To laifin wa? Ranarku ce ke da ƙarin gishiri."

A ranar hankalina ya tashi. Na gane a cikin jan hasken nan kore da baƙi duk ɗaya ne, fari da rawaya da ruwan hoda kuwa 'yan uwa ne na jini. Na shiga na ce ya fito min da yadin Baba. Ya riga ya yanka. Na kwashi gunduwa-gunduwar na kai bakin ƙofa na duba ɗaya bayan ɗaya, gaba, baya, hannaye, aljihu, duk farare tas. Na ɗauko farin zare da baƙaƙen maɓallai daga kantana na danƙa masa a hannu.

Na ce, "Waɗannan, ba wasu ba."

"Haba Yaya, ai na sani."

Ya buɗe aljihun teburinsa, inda zaruruwa da maɓallai na shekaru suke cakuɗe, ya watsa su ciki. Na ce ya fito da su. Ya ce ko idonsa a rufe ya san wurin kowanne.

Ana wata ga wata. Fitilun da ya jona sun fi ƙarfin wayar layinmu, saboda haka a rana sai mu ji tas, wuta ta yi tartsatsi a shagonsa, duk layin ya mutu. Sau ɗaya Mai Aski ya tsaya da rabin kan mutum, mutumin kuma ɗaurin aure za shi. Muka taru a ƙofarsa, ya fito yana murmushi kamar wanda aka zo yi wa barka.

"Tauraron ne ya yi tari. Irin waɗannan jajayen haka halinsu yake, sai su yi zamansu lafiya, kwatsam su watso wuta. Kun ga ke nan nawa na gaske ne."

Mai rabin kai ya ce, "In ya ƙara tari, ni zan ba shi magani."

Ana gobe taro na jiyo ƙauri ta bango. Na buga ƙofarsa, na tarar ya sa sakata.

"Me ke ƙonewa?"

Ya amsa daga ciki, "Yanayin can ne, Yaya. Kada a dame ni, ina kan kwat ɗin Baba."

Keke kuwa na ta gudu, har na ce a raina yau dai mutumin nan ya yi hankali.

Rana ba ta ƙarya. Da safe Baba ya iso tare da Auta a motar wani abokin aikinsa, don daga nan tasha za a wuce kai tsaye. Baba mutum ne da agogo ke jin kunyarsa. Ya ɗaga jan labule, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi fitila, ya dubi mai fitila.

"A wurinmu in ka ga ja, tsayawa ake yi."

"Baba, a nan ja na nufin bismilla."

Ni da Auta muka bi bayansa. Baba ya shiga gefen dare ya tuɓe, ya miƙo tsofaffin kayansa ta saman baƙin zanen. Ai-Na-Sani ya karɓa da hannu biyu, ya ce kayan babba ba a ajiye su a ƙasa, ya rataye su a ƙusar da ta fi kowace tsawo, wadda ke daidai bakin tauraron.

Baba ya fito. Wallahi kwat ta zauna masa kamar da ita aka haife shi. Kafaɗa ta miƙe, wuya ya kwanta, hannaye sun tsaya daidai wuyan hannu. Na zagaya shi ina ƙare masa kallo, launi ɗaya daga sama har ƙasa, irin jan da komai na ɗakin yake. Baba ya juya dama a madubi, ya juya hagu, ya ja gefen kwat ɗin.

Ya ce, "Ba laifi."

A bakin Babanmu "ba laifi" ita ce ƙarshen yabo, ni da na yi ta ɗaya a makaranta ma ita na samu. Auta ta damƙe hannuna, idonta ya cika. Ai-Na-Sani kuwa kansa ya kumbura nan take. Ya leƙa waje ya ƙwala wa Mai Aski kira, ya kira matar mai burodi, ya yafito har yaran shagon gilashi na tsallake, wai su zo su ga yadda manya ke ɗinki. Da ya ga layi ya cika, sai ya kama labule ya yaye shi gaba ɗaya, ya rusuna.

"Bismilla, Baba."

Baba ya tako cikin rana.

Jikin kwat ɗin fari ne, wando ma fari, a nan alherin ya ƙare. Hannun dama rawaya ne irin na rigar 'yan makaranta. Hannun hagu ruwan hoda. Duk inda allura ta bi, daga wuya har ƙafar wando, jan zare ne ya yi layi raɗau. Maɓallan kuwa koraye ne, 'yan uwan facin Mai Aski. Ashe ƙaurin da na ji jiya hannayen ne tauraron ya cinye, shi kuma ya laluba kan kanta ya zaro ƙyallaye biyu da ya ga farare ne a idonsa.

Matar mai burodi ce ta fara magana, ta matso ta shafa hannun hagu.

"Wannan ai ragowar yadina ne. Ka ce min bai ragu ba."

Wani ya tuntsire, sai dariya ta ɓarke har tsallaken titi. Mai Aski ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Auta ba ta yi dariya ba, ta saki hannuna ta juya ta fuskanci bango, ni kuwa na ji kamar in shaƙe mijinta da igiyar awonsa.

Baba ya ɗaga hannun dama ya duba, ya ɗaga na hagu ya duba. Ko gira bai motsa ba.

"Ba ni tsofaffin kayana."

Muka waiwaya, sai ga hayaƙi na fitowa daga shagon. Mai Aski ya zabura da bokitin ruwansa ya watsa, tauraron ya yi tarinsa na ƙarshe ya fashe, wutar layin ta ɗauke. Aka fito da rigar Baba tana ɗigar ruwa, da rami a baya wanda kan mutum zai shige. Gidan Baba na can ƙarshen gari, mai mota kuma yana ta nuna agogo. Babu lokacin komawa.

Ko a nan bakin bai mutu ba. Ai-Na-Sani ya gyara murya.

"Baba, in an bi gaskiya ɗinkin ba shi da laifi. A ƙarƙashin tauraron launi ɗaya ne, kai ma ka gani da idonka."

Na ce shi ke nan, yau Auta ta rasa uba ko ta rasa miji. Baba ya dube shi ya daɗe.

"Haka ne, na gani. To ɗauko tauraron."

"Baba, ai ya fashe."

"Ga leda can a taga. Ke Yaya, ina tsohuwar lemar nan taki da ta yage?"

Nan da nan aka ɓare jar ledar daga taga, aka ɗaura ta a kan ƙarafan ƙatuwar lemar da nake kafawa a ƙofar shago. Mai Aski da kansa ya ɗaure, da murnarsa. Baba ya miƙa wa Ai-Na-Sani sandar.

"Na ji an ce a can duniya ce ke zagaya tauraro. A nan tauraro ne zai zagaya ni. Inda na sa ƙafa ka sa, fuskarka a kaina, bakinka a rufe. In ka yi tari sau ɗaya, ka san sauran."

Lemar ba ta shiga mota, saboda haka ta taga Ai-Na-Sani ya riƙe ta har tasha, rabin layinmu na biye a kan babura.

Kada ku tambaye ni ko dabarar ta yi aiki. In Baba ya tsaya cak a tsakiyar inuwar, sai launukan su ɗan yi sulhu da juna. Amma taron bankwana ne, kowa so yake ya gaisa da shi. Ya miƙa dama, hannu ya fita rana ya koma rawaya, Ai-Na-Sani ya ruga dama. Wani ya rungumo shi ta hagu, ruwan hoda ta bayyana, ya rugo hagu. Ga iska na fizgar leda, ga gumi ya jiƙa shi sharkaf, ga tsofaffin direbobi na tambayarsa wannan wace irin lema ce. Tambaya ce ta zo har gida, irin wadda yake kwana yana addu'ar a yi masa, amma ba halin amsawa. Sai ya buɗe baki, ya dubi ƙeyar Baba, ya haɗiye.

Da aka ba Baba abin magana, sai ya taka ya fita daga inuwar da gangan, ya tsaya a rana kowa ya gan shi sosai. Aka yi ta kallon-kallo, ba a san ko an yarda a yi dariya ba.

Ya ce, "Tun ina saurayi launi uku nake bi a kan layin nan, ja da rawaya da kore. Surukina ya ga zan yi kewarsu, shi ne ya ɗinka min su a jiki." Ya ɗaga hannun hagu. "Wannan ce dai har yanzu ban gano ta wace tasha ba ce."

Tasha ta kaure da dariya da tafi, har Baba da kansa ya yi dariya sai da ya share ido. Ni ban ji sauran jawabin ba, don Auta ta kama hannuna tana girgizawa.

"Yaya, kin ji abin da ya ce? Surukina ya ce."

Aka yi hoto. Yana nan a bangon Baba har yau, shi a tsakiya da hannaye kala biyu, a bayansa wani mutum ya ɗaga jar lema yana zare ido.

Da muka shiga mota Baba ya gaya wa mai motar unguwar su Auta. Ita kuwa gaskiyarta ta yi mata yawa, ta ce a hankali, "Baba, amma ai ya ɓata."

"Ya ɓata ƙwarai. Amma tun safe yake tsaye bai ce uffan ba. Wannan ban taɓa zaton zan gani ba kafin in mutu."

Ya shiga falonsu ya zauna a kujerar da Auta ta daɗe tana kakkaɓewa dominsa. Ta kawo ruwa, ya sha ya shanye. Ai-Na-Sani na rakuɓe a bakin ƙofa, hannayensa sun sage har ba ya iya sauke su sosai. Baba ya juya kofin a hannunsa, ya dube shi.

"Kai, tela. Ka san yadda ake kama birkin jirgi?"

Muka ga bakin ya buɗe. Muka ga "ai" ta taso har ta iso leɓe. Auta ta runtse ido.

"Ban sani ba, Baba."

"Madalla." Baba ya miƙa kofin. "Auta, ƙaro min ruwa."